Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne: amsa ga ƙungiyar manoma kan canza manhaja

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Kura. Shekara shida ke nan muna aiki da wata manhaja da wani matashin garinmu ya haɗa mana. A cikinta muke rajistar 'yan ƙungiya, mu rubuta bashin taki da iri, da abin da ya shiga sito da abin da ya fita, kuma ita ke tura wa manoma saƙon tes. Yanzu saƙon ya daina isa ga mutane da yawa, sannan in manomi ya biya ta taransifa ba ta ganewa sai ma'aji ya shigar da hannu. Wani kamfani ya zo ya ce tamu tsohon yayi ce, mu watsar da ita mu sayi tasu da ta haɗa komai. Yaya za mu yi?

Malam Sakatare, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa wa noman albarka. Rabin amsar tana cikin tambayarka. Ka lissafa ayyuka biyar, ka ce biyu ne ke ba ku ciwon kai. Rajista lafiya lau, lissafin bashi lafiya, sito lafiya. Shawarata ita ce kada ku watsar. A canza ɓangarorin nan biyu, kuma a canza su ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina rubuta manhaja da gyaran ta wasu ga ƙungiyoyin manoma da ƙananan asibitoci tsakanin Kano da Jigawa, kuma mafi munin asarar da na gani da idona ta faru ne a ranakun da aka kashe tsohuwa aka kunna sabuwa a tashi ɗaya.

Ka duba injin ban ruwan da ke bakin kanal. Ranar da ya ƙi tashi babu mai ɗaukarsa ya kai bola. Bakanike zai kwance fulogi ya goge, ya hura kafireto, in fistin ne ko ringi a aika Ƙofar Ruwa a sayo. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne kowane ƙarfe a jikin injin aikinsa ɗaya ne, kuma inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa yana da awon da kowa ya sani. Bakin famfon inci biyu ne ko inci uku, don haka tiyon da aka yi a wata ƙasa daban zai shiga ya zauna daram. Da a ce an narka injin da famfon da tiyon an zuba su dunƙule guda, to ranar da tiyo ya huje sai sayen sabon inji.

Manhaja ma iri biyu ce a wannan fuska. Akwai dunƙulalliya, wadda komai nata ke cakuɗe da komai, in ka taɓa wurin saƙo sai lissafin bashi ya rikice. Akwai kuma mai ɓangarori, wadda kowane aiki ke da ɗakinsa, ɗakunan kuma suna magana da juna ta wata ƙayyadaddiyar mahaɗa. Ɓangaren bashi ba ruwansa da sanin yadda ake tura saƙo. Iyakarsa ya miƙa lambar waya da rubutu ya ce a tura, a dawo masa da amsa: ya tafi, ko bai tafi ba. Wannan mahaɗa ita za ka ji 'yan kamfani na kira da harufa uku, API. Muddin ba a canza ta ba, kana iya cire duk abin da ke bayanta ka sa wani, sauran manhajar ba za ta ma san an yi ba.

Wannan tunani ya girmi yawancin masu tallar manhaja na yau. A 1968, a wani taron masana da ƙungiyar NATO ta shirya a garin Garmisch na Jamus, wani masanin kwamfuta mai suna Douglas McIlroy ya kawo shawarar a riƙa ƙera manhaja daga ɓangarorin da aka riga aka yi, kamar yadda masana'antu ke harhaɗa inji. A 1972 wani masanin, David Parnas, ya ƙara abin da ni a ganina shi ne zuciyar maganar. Ya ce in za ka raba manhaja, kada ka raba ta bisa jerin matakan aiki kawai. Ka zauna ka tambayi kanka wane abu ne zai iya canzawa gobe, sai ka killace kowane irin wannan abu a ɗakinsa shi kaɗai, yadda ranar da ya canza ɗaki ɗaya za a shiga.

To ka auna wannan da abin da ya same ku a ƙasar nan. A 2014 aka fito da BVN. A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi, aka shiga neman BVN ɗin kowane manomi. A 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 da mutum zai toshe saƙonnin talla daga shiga wayarsa. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, daga baya aka rufe layukan da ba a haɗa ba. A Oktoban 2022 aka sanar da canjin fasalin kuɗi, farkon 2023 takardar naira ta yi ɓatan dabo, dattijon da bai taɓa yin taransifa ba ya koya dole. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa aikin ƙungiya irin taku, amma kowanne gefe ɗaya ya taɓa. Babu wanda ya canza yadda ake lissafin cewa wane ya karɓi buhu biyu na NPK da ɗaya na yuriya kuma zai biya bayan girbi. Canji daga waje yake zuwa, ta ƙofar waya da ta banki da ta gwamnati, kuma ba zai daina zuwa ba. Manhajar kamfanin nan ma, in kun saya, shekara uku masu zuwa wani sabon tsari zai same ta. In dunƙulalliya ce, a lokacin wani zai sake zuwa ya ce muku tsohon yayi ce. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Bari in tsaya kan matsalar saƙon, domin tana nuna ƙanƙantar abin da ake so ku rushe gida a kansa. Abubuwa uku ne suka fi hana saƙon ƙungiya isa. Na farko, manomi ko ɗansa ya toshe saƙon talla ta 2442 don ya huta da masu cinye masa kati, ku kuma kamfanin da kuke bi ta wurinsa yana tura naku ta hanyar talla. Kamfanonin tura saƙo suna da wata hanya daban ta sanarwa, irin wadda bankuna ke turo alat da ita, ita tana shiga ko an toshe. Sai dai ta fi tsada kaɗan kuma sai an yi rajistar sunan mai turawa. Na biyu, layin da kuka rubuta shekara shida da suka wuce an rufe shi ko mai shi ya canza. Wannan ba laifin manhaja ba ne sam, aikin zama ne a ƙarƙashin inuwa ranar taro a sabunta lambobi. Na uku ya shafi harshenmu. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 in duk harufan na Turanci ne. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya ta shiga, sai ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. Saƙon harafi 150 da kuke zaton ɗaya ne sai a caje ku kuɗin uku, kuɗin da kuka zuba ya ƙare a tsakiyar jerin sunaye, na ƙasa ba su samu ba. Duk ukun nan babu wanda ya kai aikin mako guda ga wanda ya san hannunsa, kuma babu wanda ke buƙatar a taɓa rajista ko sito.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu cewa a watsar ba sa faɗa, wataƙila don ba su san shi ba. Tsohuwar manhajarku ba rubutun matashin nan kaɗai ne a cikinta ba. Shekara shida na hukuncin kwamitinku suna ciki. Duk ranar da wata matsala ta taso kuka kira shi kuka ce ya gyara, wata ƙa'ida ce ta ƙungiya ta shige ciki, kuma yawancinsu ba a rubuce suke a ko'ina ba sai can.

Na ga wannan a wani ƙauye ta wajen kwarin Haɗeja. Ƙungiyar ta sayi sabuwar manhaja daga wani kamfani, kyakkyawa ƙwarai a ido, aka kwashe sunaye daga tsohuwa aka zuba a sabuwa kwana kaɗan kafin rabon takin noman rani. Sabuwar an gina ta ne a kan cewa lambar waya ita ce shaidar mutum: lamba ɗaya, mutum ɗaya. A birni wannan daidai ne. A ƙauyen nan kuwa maigida da matansa biyu da ƙaninsa duk da lamba ɗaya suka yi rajista, domin waya ɗaya ce a gidan. Da aka zuba sunayen, manhajar ta ɗauki na farko a kowace lamba ta zubar da sauran ba tare da ta ce uffan ba. Ranar rabo mota ta sauke taki, mutane sun yi layi tun hantsi. Ina tsaye kusa da teburin ma'aji wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta fito da katin ƙungiya a naɗe cikin leda, da rasit ɗin biyan bashinta na bara, ta ajiye a gabansa. Ya buga sunanta sau uku, babu. Ta ce, “Ɗan nan, ka sake dubawa, ni ban taɓa cin bashin ƙungiya ba.” Ya san ta, ya san gonarta, amma allon ya ce babu ita. Yawancin waɗanda suka ɓace a ranar mata ne.

Ba nan abin ya tsaya ba. Tsohuwar tana da gurbin laƙabi da unguwa, domin a ƙungiyar akwai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya har mutum huɗu, ana bambance su da Dogo da Na-bakin-kasuwa da makamantansu. Sabuwar ba ta da wannan gurbi, sai bashin wani ya hau kan wani. Akwai kuma hukuncin da kwamiti ya yanke bayan wata shekarar ambaliya, cewa duk wanda ruwa ya cinye wa gona a ɗage masa biya zuwa kaka mai zuwa ba tare da tara ba. Tsohuwar ta san wannan. Sabuwar ta lafta musu tara. Kafin la'asar an rufe kwamfuta an koma littafi da biro, muka shafe kwanaki muna dawo da sunaye daga tsohuwar, wadda Allah ya taimaka ba a goge ta ba. Kuɗin gyaran bai kai zafin abin da ya biyo baya ba, don har aka gama wannan noman wasu na zargin shugabanni da cire sunayensu da gangan. Ƙungiya da yarda take tsayawa, kuma rana ɗaya ta isa ta tsaga ta.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙauye ce ko ta rashin kuɗi. Kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta shiga intanet ke kan gaba a duniya a tsakiyar shekarun 1990, ya yanke shawara a 1998 ya ajiye tsohon rubutunsa ya fara daga tushe. Sabuwar ba ta fito ba sai Nuwambar 2000, kafin nan kishiyarta Internet Explorer ta kwashe kasuwa. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun mutane kusan miliyan 5 zuwa sabuwar manhaja a ƙarshen mako guda cikin Afrilun 2018. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin na wasu, shugaban bankin ya sauka a Satumban shekarar, asarar ta kai wajen fam miliyan 330, sannan a 2022 hukumomi suka ci su tarar kusan fam miliyan 49. A nan gida ma, wajen Oktoban 2024 da wasu manyan bankuna suka canza babbar manhajarsu, masu POS a kasuwannin ƙauye sun ji a jikinsu, kuɗi ya fita bai isa ba, mai shago ya riƙe kaya mai saye ya riƙe waya. Waɗannan suna da ɗaruruwan injiniyoyi da kuɗin gwaji. Ku kuna da ma'aji ɗaya da kwamfutar cinya ɗaya da sola.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin a bayyane yake. Kuɗin ƙungiya da kaka yake shigowa, ba kowane wata ba. Canza ɓangare ɗaya abu ne da za ku iya biya daga abin da ke hannu, ku ga amfaninsa, sannan ku yanke shawarar na gaba. Sayen gaba ɗaya kuwa sai an biya da yawa tun kafin a ga komai, galibi da kuɗin shekara-shekara a bayansa. Sannan ga ma'ajinku da mai kula da sito, waɗanda suka sha wahala kafin hannunsu ya faɗa da wannan manhaja. In ɓangaren biya kawai aka canza, shafi ɗaya za su koya. In komai aka canza, sun koma 'yan aji ɗaya a daidai lokacin da ake buƙatar saurinsu. Akwai kuma ƙarfin ciniki. Wanda saƙonsa ke hannun wani kamfani, biyansa a hannun wani, rajistarsa a hannunsa, in ɗaya ya tsawwala farashi sai ya sallame shi ya kira wani. Wanda ya zuba komai a hannun mutum ɗaya kuwa, duk abin da aka yanka masa sai ya biya, don fita ta fi zama tsada.

Yadda za a yi aikin sananne ne a sana'armu, kuma daga bishiya aka samo misalinsa. A 2004 wani masanin manhaja, Martin Fowler, ya kwatanta shi da wani irin ɓaure da ya gani a dazukan Ostireliya. Mu ba sai mun je can ba, ceɗiya ma tana yin haka. Tsuntsu ya yar da ƙwayarta tsakanin rassan wata bishiya, ta tsiro a can sama, ta riƙa sako saiwoyi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, har ta tsaya da ƙafarta. A duk tsawon lokacin nan babu ranar da aka rasa inuwa a wurin. Haka ake sabunta manhaja: sabon ɓangare ya tsiro a jikin tsohuwa, ya karɓi aiki ɗaya, in ya kafu a ƙara wani. Wata rana za ku waiga ku ga kusan komai sabo ne, amma ba a taɓa rufe ofis ba.

Kafin a taɓa komai, a fitar da duk bayananku zuwa Excel: sunaye, bashi, biya, sito, tun daga ranar farko. A yi kwafi biyu a filashi, ɗaya a ofis ɗaya a gidan shugaba, a kuma buga jerin bashin a takarda. Sannan a tabbatar kowane ɗan ƙungiya yana da lambar ƙungiya tasa ta kansa wadda ba ta canzawa. Ba lambar waya ba, don ana canza ta kuma ana tarayya a kanta. Wannan lamba ita ce igiyar da za ta ɗaure duk ɓangarorin, kowanne da ita zai gane mutum.

Daga nan ka kira matashin ka yi masa tambaya ɗaya: in muka canza kamfanin tura saƙo, wuri nawa za ka taɓa a cikin rubutunka? In ya ce ɗaya, ku gode wa Allah, ya yi muku gini mai kyau. In ya ce wurare da yawa ne, a warwatse, to aikin farko shi ne ya tattaro su wuri guda ya yi musu ƙofa ɗaya. Wannan kamar fasa ƙofa ne a jikin katangar da ke tsaye, ya fi sabon gini sauƙi nesa ba kusa ba. A fara da saƙo domin shi ne mai ƙaramin haɗari. In ya ƙi, mai shela da lasifikar masallaci suna nan.

Ɓangaren biya shi ke son natsuwa. Kamfanonin karɓar kuɗi masu lasisi suna iya ba kowane manomi lambar asusu tasa mai lamba goma, wadda duk abin da aka tura cikinta asusun ƙungiya yake faɗawa, amma da shaidar wanda ya biya. Da haka ko ɗansa ne ya tura daga Legas, ko a wurin mai POS aka biya da wani suna daban, manhaja za ta san bashin wa za ta rage. Amma kada ma'aji ya ajiye bironsa ranar da aka kunna. Ya ci gaba da shigarwa da hannu kamar da, aƙalla wata guda, duk mako a zauna a gwada lissafinsa da na sabon ɓangaren. Sai sun yi daidai sau huɗu a jere sannan a sakar masa.

Ba zan ɓoye maka ba, tsarin ɓangarori yana da nasa ciwon, kuma a mahaɗa yake. A Satumban 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangaren manhaja yana ba da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wanda ke karɓa kuma yana ɗauka ma'aunin mita ne. Kowanne daidai yake aikinsa, tsakaninsu ne aka faɗi. Irin wannan na jiran ku a wuri biyu. Wasu kamfanonin biya da kwabo suke turo adadi ba da naira ba, in ba a lura ba wanda ya biya dubu biyar sai a rubuta masa dubu ɗari biyar. Sannan sito: wani ɓangare na ƙirga shanshera da buhu, wani da kilo, alhali kai ka san buhun wani manomi ba nauyinsa ɗaya da na wani ba, balle a zo ga tiya da mudu. Dole a rubuta a takarda, a kowace mahaɗa, me ke wucewa kuma da wane ma'auni.

Ciwo na biyu shi ne dogaro da kayan wasu. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wani ɗan guntun rubutu mai layi 11 daga rumbun da ake ɗiba kyauta, sai dubban manhajoji a duniya suka kasa haɗuwa, don duk sun jingina da shi. Na uku kuma shi ne turereniya: in abu ya lalace mai saƙo ya ce mai rajista ne, mai rajista ya ce mai biya ne. Maganin wannan mutum ɗaya ne da ƙungiya ta ɗora wa alhakin mahaɗun, ana biyansa, ana da lambarsa. Kuma kada son ɓangarori ya kai ku ga yayyanka abu gutsi-gutsi. Za ka ji wasu na tallar tsarin da kowane ɗan aiki ke zaune a wata kwamfuta daban a intanet. Wannan na manyan kamfanoni ne masu ma'aikata dubbai. Ku ɓangare huɗu ko biyar sun ishe ku, kuma rajista da bashi da sito su zauna a kwamfutarku su yi aiki ko babu sabis, saƙo da biya kaɗai su jira netwok ya dawo. Duk manhajar da ba za ta buɗe ba sai da intanet, ba a yi ta don bakin kanal ba.

Akwai lokacin da ni ma zan ce a canza gaba ɗaya. In wanda ya rubuta ta ya tafi da asalin rubutun ba a san inda yake ba, babu mai iya buɗe cikinta. In lissafin bashin kansa ne ke fitowa ba daidai ba tun daga tushe. In kowa na iya shiga ya rage wa ɗan'uwansa bashi ba tare da an ga sawunsa ba, ko BVN da NIN ɗin mutane na zube babu makulli, wanda amana ce kuma yanzu doka na tambaya. In ba ta tashi sai a kan tsohuwar Windows da aka daina yi wa gyaran tsaro, kamar Windows 7 da aka sallama tun Janairun 2020, kuma an gwada ɗaga ta ta ƙi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tambayarka. Ko da akwai, ƙaurar ma ɗaki-ɗaki ake yin ta, kuma gidan da za a koma ya zama mai ɓangarori. Ka leƙa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka ga manhajar DHIS2 da suke shigar da alƙaluman asibitoci a ciki. Jami'ar Oslo ta Norway ce ke jagorantar ta, ƙasashe da dama na amfani da ita, kuma abin da ya sa ta daɗe shi ne rumbun bayanan na tsakiya daban yake, ƙananan manhajoji kuma ana ɗora su a kai ana saukewa gwargwadon buƙata.

Su kuma 'yan kamfanin kada ku kore su, mai yiwuwa kayansu na da kyau. Ku ce su sayar muku da ɓangaren biya kaɗai ya yi aiki da rajistarku. Amsar da za su bayar za ta gaya maka irin ginin da suka yi. Ka tambaye su ko mutum uku za su iya rajista da waya ɗaya. Ka ce su cire intanet a gabanka su shigar da buhu goma a sito. Ka ce su nuna maka, yanzu ba gobe ba, maɓallin da sakatare zai danna ya fitar da duk bayanan ƙungiya zuwa Excel ba tare da neman izininsu ba, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na ƙungiya ne, ranar rabuwa ba za a biya ko kwabo kafin a karɓe su ba.

Shi ma matashin naku akwai abin da ya kamata a daidaita da shi, cikin mutunci, don ya yi muku aikin da ya riƙe ku shekara shida. A biya shi haƙƙinsa, a ajiye kwafin asalin rubutun da sunan ƙungiya, ya zauna da kai ku rubuta duk ƙa'idojin da kuka taɓa sa shi ya shigar, ɗaya bayan ɗaya, a littafi. Zai yi aure, zai sami aiki a Abuja, wata rana wani ne zai karɓa.

Batun lokaci kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a taɓa komai ana saura wata guda rabon taki, kada kuma a taɓa lokacin da shanshera ke shigowa sito ana karɓar bashi. Ku duba kalandarku ku nemo tsakanin nan da aka rufe lissafin kaka ba a fara rajistar noman rani ba, ku sa aikin saƙo a ciki. Na biya ya jira irin wannan tsakanin na gaba. Fitar da bayanai zuwa filashi ne kaɗai ba ya jiran lokaci, wannan ka yi shi a makon nan.